"Jubilation" da "Jubilee": Sowar Nasara da Ƙahon 'Yanci

Karatu: Littafin Firistoci 25:8-17, Zabura 100, Luka 4:16-21

Duk wanda ya saba leƙa kanun jaridun Turanci a wajen Mobil, cikin tsakiyar garin Minna, ko yake sauraron labarai ta rediyo, ya sha cin karo da kalmar nan "jubilation". In an ci zaɓe ita ce, in an ci ƙwallo ita ce, in kotu ta ba wani gaskiya ita ce, har in wuta ta dawo wata unguwa bayan watanni cikin duhu, ita ce dai 'yan jarida suke ɗaukowa. A ikkilisiya kuwa 'yar'uwarta "jubilee" ce ta fi yawo. Tana jikin atamfar ankon zumuntar mata, tana kan kalanda, tana kan katin gayyata na bikin cikar aure ko na cikar majami'a. Sa'ad da yaro ɗan makaranta ya tambayi iyayensa ma'anar waɗannan kalmomi, amsar da yakan samu ita ce, "Ai murna ce." Amsar ba ta kauce ba, sai dai ta yi kaɗan, gama a bayan kalmomin biyu akwai tarihi mai tsawo da ya ratsa ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma tarihin yana da abin da zai koya wa gidan mai bi game da irin murnar da ta dace da shi a ranar nasara.

Abin da kalmar take nufi

A Turanci "jubilation" suna ne, ana furta shi kamar "jubileshan". Yana nufin murna mai ƙarfi wadda ta fito fili, ta shiga kunnen jama'a, kuma dalilinta nasara ce ko kuɓuta daga wani abu. Abu biyu ne suka raba ta da "joy" da "happiness". Na farko, tana da murya. Tsohuwar da take zaune a ƙofar ɗakinta tana kallon jikokinta cikin kwanciyar rai tana da farin ciki, amma Bature ba zai kira wannan "jubilation" ba. Na biyu, akwai wani abu da aka yi fama da shi kafin ta zo: yaƙi, ko gasa, ko shari'a, ko dogon jira. Yaron da ya tsinci naira ɗari a hanya ya ji daɗi, amma bai yi kokawa da kowa ba. Wanda ya rubuta jarrabawa sau uku sa'an nan ya ci a karo na huɗu, gidansu kuma ya kaure da ihu har maƙwabta suka fito, wannan ne ya dace da kalmar.

Mutanen Minna da suka manyanta sun san irinta. A shekara ta 2000 ƙungiyar Niger Tornadoes ta doke Rangers ta Enugu da ci ɗaya mai ban haushi, ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa. Kafin wannan, a watan Agusta na 1996, 'yan wasan Nijeriya sun ci Ajantina uku da biyu a Amurka, suka zo da lambar zinariya ta wasannin Olamfik na Atlanta. Mutumin da bai taɓa buga ƙwallo ba ma ya fito titi a waɗannan ranaku.

Kalmar tana da dangi. Sifarta ita ce "jubilant", wadda ake siffanta mutum ko taro da ita: "a jubilant crowd", wato taron da ya ɓarke da sowa. Aikatau kuma shi ne "jubilate". A nan 'yan makaranta su lura da wani abu. A Nijeriya ana yawan cewa mutane suna "jubilating", kowa kuma yana ganewa, amma a Ingila da wuya a ji wannan aikatau a bakin mutane. "Celebrate" ko "rejoice" suka fi amfani da su. Haka nan sunan ba ya cika ɗaukar jam'i, saboda haka "there was jubilation in the town" ya fi dacewa da a ƙara masa harafin jam'i a ƙarshe. Akwai kuma wata kalma ta kusa, "exultation", wadda tushenta a harshen Latin yake nufin yin tsalle sama. Ita ta ɗauki murnar daga ƙafa, "jubilation" kuma ta ɗauke ta daga maƙogwaro.

Hausa ba ta rasa nata ba. Farin ciki, kamar yadda sunansa ya nuna, a ciki yake zaune. Murna takan nuna a fuska da hannu da ƙafa. Annashuwa da fara'a masu laushi ne. Ɗoki yakan zo kafin abu ya samu. Amma sowa ta jama'a ce, ba a yinta a ɓoye, kuma sai da dalili. Saboda haka wanda yake neman fassara mafi kusa, "sowar nasara" ko "sowa ta murna" za ta ishe shi. In kuwa mata ne suka yi ta, Hausa tana da kalmar da Turancin yau da kullum ba shi da kamarta wajen daɗi, wato guɗa.

Rijiya biyu, guga ɗaya

Mai karatu zai ɗauka cewa "jubilation" da "jubilee" uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, tun da farkonsu ɗaya ne. Masana harshe sun nuna ba haka ba ne. "Jubilation" ta fito daga aikatau na Latin "jubilare", wanda da farko kalmar mutanen karkara ce, tana nufin ƙwala kira ko yin ihu, irin wanda makiyayi yake yi wa ɗan'uwansa daga wannan tudu zuwa wancan. "Jubilee" kuwa daga Ibrananci ta fito, daga "yobel", wato rago, ko ƙahon rago da ake busawa.

A Littafi Mai Tsarki na Latin ne suka haɗu. Wajen ƙarshen ƙarni na 4 Jerom ya ɗauki aikin fassara Littattafai zuwa Latin, kuma fassararsa ce ikkilisiyar Yammacin Turai ta rayu a kanta fiye da shekara dubu. A Latin, sunan shekarar ƙahon rago ya kusanci kalmar ihun murna ƙwarai a kunne, har rubutun ɗaya ya rinjayi na ɗayan, mutane kuma suka riƙa jin su kamar kalma guda. Da haka suka shiga Turanci tare a ƙarni na 14, zamanin da Wycliffe da almajiransa suka fassara Littafi Mai Tsarki ga mutanen Ingila.

Wani zai ce ai wannan ruɗani ne kawai na kunne. Ta fuskar ilimin harshe haka ne. Amma abin sha'awa shi ne, a Ibrananci kansa ƙahon da sowar sun saba tafiya tare. Akwai kalmar "teru'a", wadda take nufin babbar kururuwa, ko ta mutane ko ta ƙaho. A Joshuwa sura 6 ƙahonin raguna ne firistoci bakwai suka ɗauka suna zaga Yariko, kuma da aka ja busa mai tsawo a rana ta bakwai, jama'a suka amsa da "teru'a". A Littafin Firistoci 25:9 ma, busar da take buɗe shekara ta hamsin da wannan suna aka kira ta. Ashe kunnen mutanen Latin bai ɓatar da su nesa ba.

Kalmar Latin ɗin ta zauna daram a sujada. Zabura 100 da ita ta fara a Latin, shi ya sa har yau 'yan Angilikan suke kiran wannan zabura "Jubilate" a cikin tsarin addu'ar safe, tun daga littafin addu'a na 1552. Da yawa suna rera ta ba su san cewa sunan umarni ne ga dukan duniya ta ɗaga murya ba.

Agustin da masu girbi

Babu wanda ya bayyana wannan kalma da kyau kamar Agustin, bishop na Hippo, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. Ɗan Afirka ne. Garinsa na aiki shi ne Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau. A cikin wa'azinsa a kan Zabura ya ja hankalin jama'arsa ga masu girbi da masu tsinkar inabi. Ya nuna cewa sukan fara aiki da waƙa mai kalmomi, amma in murna ta cika musu ciki, sai kalmomin su gaza, su sake su, su ci gaba da murya zalla wadda ba ta da baƙi ko wasali da za a rubuta. Wannan muryar ce ya kira "jubilus". Ya kuma ga cewa ta dace da Allah fiye da kowa, domin Allah ya fi ƙarfin a siffanta shi da magana, duk da haka bai kamata a yi shiru a gabansa ba.

Mace Bahaushiya, ko Bagwariya ta Paiko da Kuta, ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kan wannan. Ranar da aka kawo amarya, ko aka ce mai naƙuda ta sauka lafiya, ko aka ga ɗan da aka fid da rai da shi ya shigo gida, babbar mace ba ta tsayawa neman kalma. Takan kama hanci ta rangaɗa guɗa, kowa kuma ya fahimta ba tare da tafinta ba. A ranar godiyar kaka, sa'ad da ake shigo da doya da dawa da dammunan gero gaban bagade ana rawa, guɗar da takan tashi daga sashen zumuntar mata ita ce ainihin abin da Agustin yake magana a kai. Akwai shugabannin sujada da suke ganin wannan kamar rashin natsuwa ne, suna harara in ta tashi. Natsuwa tana da wurinta, kuma Bulus ya umarta a yi kome bisa tsari. Amma wanda ya hana guɗa a ranar da Ubangiji ya yi babban abu, ya hana abin da masu zabura suka roƙa a yi.

Sabon Alkawari, wanda aka rubuta da Helenanci, yana da tasa kalmar ta irin wannan murna, "agalliyasis". Luka yana sonta ƙwarai. Da ita ya faɗi motsin jariri Yahaya a cikin Alisabatu, da ita Maryamu ta bayyana halin ruhunta, da ita kuma aka siffanta yadda masu bi na fari suke cin abinci tare a gidajensu a Ayyukan Manzanni 2:46. Bitrus ya yi amfani da ita ga mutanen da suke cikin gwaji iri iri, ya kuma ce murnarsu ta wuce a faɗa da baki. Maganarsa da ta Agustin sun zo ɗaya.

Ranar da aka busa ƙaho

Yanzu sai a koma ga ƙahon ragon. Dokar tana cikin Littafin Firistoci sura 25. An umarci Isra'ilawa su ƙidaya shekara bakwai sau bakwai, wato 49. A rana ta goma ga wata na bakwai, wadda ita ce Ranar Kafara, sai a busa ƙaho ko'ina cikin ƙasar, a keɓe shekara ta 50. A cikinta Ba'isra'ilen da talauci ya sa ya sayar da kansa ga bauta zai fita da 'ya'yansa ya koma danginsa. Gonar gado da aka sayar za ta koma hannun masu ita. Ba shuka, ba girbi irin na kullum. Ƙasa ma ta huta. Saboda wannan doka, cinikin gona a Isra'ila bai zama sayarwa ta har abada ba. Yawan kakar da ta rage kafin busar ƙaho ake lissafawa a biya, domin Ubangiji ya ce ƙasar tasa ce, su kuwa baƙi ne a wurinsa. Yafe bashi kuma yana da tasa dokar ta kowace shekara bakwai a Maimaitawar Shari'a sura 15.

A lura da ranar da aka zaɓa. Ƙahon bai yi ƙara a ranar cin yaƙi ba, ko ranar naɗin sarki. A ranar da babban firist ya shiga Wuri Mafi Tsarki saboda zunuban jama'a, a ranar ce mai arziki yake sakin abin da yake riƙe da shi na ɗan'uwansa. Wanda aka yafe masa da safe, shi ne ake jira ya saki wani kafin yamma. A lura kuma da waɗanda suke sowa. Bawa ne, da matarsa, da talakan da ya shekara talatin yana wucewa ta gefen gonar ubansa yana ganin wani yana nome ta. Mai gida da ya yi asarar ma'aikaci da gona, in ya yi murna a ranar, to, bangaskiya ce ta sa shi.

Shi ya sa dokar ta yi wa mutane nauyi. Babu inda Tsohon Alkawari ya ba da labarin cewa an kiyaye shekarar hamsin ɗin yadda aka umarta. Abin da aka rubuta shi ne labarin Irmiya sura 34. Sa'ad da sojojin Babila suka kewaye Urushalima, sarki Zadakiya da manyan gari suka yi alkawari a Haikali, suka saki bayinsu Ibraniyawa. Da abokan gaba suka ja da baya na ɗan lokaci, sai iyayengiji suka sake tunani, suka bi bayin suka komo da su. Murna ta koma ciki. Hukuncin da Irmiya ya faɗa a kan wannan yana cikin mafi zafi a dukan littafinsa. A zamanin Nehemiya ma, sura 5, an ji kukan masu jinginar da gonaki da 'ya'ya saboda yunwa da harajin sarki, har ya tara manya ya sa suka mayar.

Wannan ce shekarar da Ubangiji Yesu ya ɗauko a majami'ar Nazarat. Ya karanta daga Ishaya sura 61 a kan bishara ga matalauta, da saki ga ɗaurarru, da shekarar tagomashin Ubangiji, ya naɗe littafin, ya shaida musu cewa a ranar nan Nassin ya cika. Wanda ya buɗe Ishaya 61:2 zai ga cewa jimlar ba ta ƙare a inda Yesu ya tsaya ba. Ragowarta a kan ranar ɗaukar fansa take. Bai karanta wannan ba.

A tarihi kalmar ta yi ta sauya riga. A shekara ta 1300 Fafaroma Boniface na 8 ya kira shekara mai tsarki ta fari a Roma, daga baya aka mai da ita kowace shekara 25. Sarakunan Ingila suka ɗauke ta ta zama bikin daɗewa a kan gado, kamar na Sarauniya Biktoriya a 1887 da 1897. Akwai na azurfa a shekara 25, na zinariya a 50, na lu'ulu'u a 60. Baƙaƙen fata na Amurka kuwa ba su manta da ma'anar fari ba. Da wannan suna suka kira 'yancinsu daga bauta, kuma mawaƙan Jami'ar Fisk da suka fara yawo da waƙoƙin bayi a 1871 da shi suka yi suna. A ƙarshen ƙarni na 20 ikkilisiyoyi da ƙungiyoyi suka tayar da yunƙurin Jubilee 2000, suna neman a yafe wa ƙasashe matalauta bashi. A watan Mayu na 1998 mutum wajen 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye tsakiyar birnin Birmingham, inda shugabannin manyan ƙasashe suke taro. Nijeriya ta sami nata rabon a 2005, sa'ad da ƙasashen ƙungiyar Paris suka yafe mata dala biliyan 18, ita kuma ta biya kimanin biliyan 12, aka rufe littafin a 2006. Abin takaici, ba a daɗe ba aka buɗe sabo.

Ikkilisiyoyin wannan yanki ma sun kai shekarun busa ƙaho. ECWA, wadda aka kafa a 1954, ta cika hamsin a 2004. Dayosis ɗin Katolika na Minna, wanda aka kafa a 1973, ya cika a 2023. Jihar Neja kanta, da aka ƙirƙiro a 1976, shekara ta 2026 ce hamsin ɗinta. Ba laifi ba ne a ɗinka anko, a yanka sa, a gayyaci manyan baƙi. Amma kwamitin da ya rubuta "jubilee" a kan kati ya ari sunan wata doka, kuma dokar tana tambaya. Shin akwai gwauruwa a cikin jama'ar da gonar mijinta take jingine a hannun wani dattijon ikkilisiya? Akwai yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana aikatau a gidan mai bi shekara da shekaru, ba makaranta, ba lada? Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. To, akwai wanda za a ce masa ya bar shi a wannan shekara? Bikin da aka kashe miliyoyi a kansa, ba a kuwa kwance ko mutum ɗaya ba, sunan kawai ya ɗauka.

Ba kowace sowa ba

Littafi Mai Tsarki bai yarda da kowace hayaniya ba. Da Musa da Joshuwa suke saukowa daga dutse, Joshuwa ya ji ƙara a zango ya zaci yaƙi ne. Musa ya saurara ya gane cewa ba muryar masu nasara ba ce, ba kuma ta waɗanda aka kora ba. Waƙa ce ake yi wa ɗan maraƙin zinariya. A 1 Sama'ila sura 4 kuma, Isra'ilawa sun sha kashi a hannun Filistiyawa, sai suka aika aka ɗauko akwatin alkawari daga Shilo, ba tare da tuba ko neman nufin Ubangiji ba. Da ya iso suka yi sowa har ƙasa ta amsa. Filistiyawa suka tsorata, tsoron kuma ya ƙara musu ƙarfin hali. A ranar mutum 30,000 suka faɗi, aka ƙwace akwatin, 'ya'yan Eli biyu suka mutu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A Yariko ma an yi sowa kafin garu ya faɗi, amma can umarni aka bi, bayan kwana shida ana zagawa baki a rufe.

Tambaya mafi wuya ga iyalan Jihar Neja a waɗannan shekaru ita ce ta maƙiyi. A ranar 17 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati a Kagara, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da mutum 42, ɗalibai da malamai da iyalansu. Bayan kwana goma aka sako su aka kawo su Minna. A ƙarshen Mayu na wannan shekara aka kwashe yara fiye da ɗari daga wata makarantar Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji, waɗansu kuma ba su dawo da rai ba. A watan Nuwamba na 2025 aka sake yin haka a makarantar Katolika ta Papiri, cikin ƙaramar hukumar Agwara, aka kuma karɓo yaran kashi-kashi kafin Kirsimeti. A ranakun dawowa irin waɗannan, uwar da ta ruga ta rungumi ɗanta tana kuka tana guɗa ta san ma'anar kalmar fiye da kowane ƙamus. Murnarta ita ce ta Maryamu 'yar'uwar Musa a bakin Bahar Maliya, da tambura a hannu. Kuma guɗar uwar Tegina da ta uwar Papiri ba su da bambanci a kunne. Mai bin da ya yi murna da ɗaya ya yi shiru da ɗayar bai fahimci ƙahon da aka ce a busa wa dukan mazaunan ƙasa ba.

Amma a cikin taron akwai gidan da nasu bai dawo ba. Ezra sura 3 ta san wannan. Da aka kafa harsashin sabon Haikali, matasa suka yi sowa, tsofaffin da suka ga na fari suka fashe da kuka, har ba a iya rarrabe wannan da wancan daga nesa. Ba a hana kowa nasa ba. Tarihin bishara a wannan ƙasa ma haka yake. Cikin mutum uku da suka sauka Legas a Disamba 1893 da niyyar kawo bishara cikin ƙasar Sudan, Walter Gowans ya mutu a Girku a 1894, Thomas Kent ya mutu a Bida a wannan shekara, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1904 aka buɗe tasha a Wushishi. Waɗanda suke rawa a bikin hamsin ko na ɗari, a kan kaburbura suke takawa, kuma ya kamata a ambaci sunayen masu su kafin a buga ganga.

To, in labari ya zo cewa sojoji sun hallaka waɗanda suka addabi ƙauyuka fa? Wanda ya ce kada mutanen Shiroro ko Rafi su ji sanyi a ransu sa'ad da hanyar gona ta buɗe, bai taɓa kwana a daji da yara ba. Murna saboda kuɓuta halal ce, Wahayin Yahaya sura 19 ma cike take da ita. Sai dai Karin Magana 24:17-18 ta hana mutum ya ji daɗin tuntuɓen maƙiyinsa, ta kuma yi gargaɗi cewa Ubangiji yana gani. Ezekiyel 33:11 ta shaida cewa Allah ba ya jin daɗin mutuwar mugu. Juyowarsa yake so. Hausa ta raba abubuwan biyu sarai, gama "an gode Allah" dabam ne da "Allah ya ƙara", kuma sowa dabam ce da dariyar ƙeta. Hotunan gawarwaki da ake turawa daga waya zuwa waya ana shewa, har yara suna leƙawa, suna cikin kashi na biyu. Haka nan habaicin da ake yi wa maƙwabci washegarin zaɓe, alhali gobe a famfo ɗaya za a haɗu, a kasuwar Kure ɗaya za a yi ciniki.

Dawuda ya sami labarin mutuwar Saul, mutumin da ya farauce shi shekaru, ya yage tufafinsa ya yi makoki. A Filibi kuma, bayan an yi wa Bulus da Sila dūka an sa ƙafafunsu a turu, girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofin kurkuku da tsakar dare. Yari ya zare takobi zai kashe kansa, yana tsammani 'yan sarƙa sun gudu. Da Bulus ya yi shiru na minti ɗaya, da an wayi gari ana cewa Allah ya saka musu. Ya ɗaga murya ya hana shi. Kafin gari ya waye yarin ya wanke musu raunuka, an yi masa baftisma da mutanen gidansa, ya kawo abinci. A Ayyukan Manzanni 16:34 Luka ya ɗauko kalmar nan tasa ta babbar murna, kuma wanda ya ba ita a wannan dare shi ne yarin, tare da iyalinsa duka.

Domin nazari a gida

Iyali za su iya raba karatun cikin mako guda a lokacin addu'ar dare: Fitowa 15 da Joshuwa 6 da farko, sa'an nan 1 Sama'ila 4, sai Littafin Firistoci 25 tare da Irmiya 34 a dare ɗaya domin a ji bambancinsu, daga nan Ezra 3, Luka 4, a rufe da Ayyukan Manzanni 16. A kowane labari yara su nemo wanda ya ɗaga murya, da abin da ya sa, da wanda aka saki ko aka ɗaure bayan haka. 'Yan makaranta su gina jimla ɗaya da "jubilation", ɗaya da "jubilant", ɗaya da "jubilee", su kuma juya su zuwa Hausa ba tare da maimaita kalmar "murna" sau uku ba. Iyaye kuwa, bayan yara sun kwanta, su ɗauko littafin da suke rubuta sunayen waɗanda suke bi bashi, su karanta shi tare daga farko zuwa ƙarshe.